Me Ya Kamata a Shimfiɗa wa Ɓeran Masar a Cikin Ɗaki?

Wata malama daga wani ƙauye a yankin Kura ta aiko da tambaya. Ta ce ɗanta ya samo ɓerayen Masar guda biyu, suna ajiye da su cikin akwaku a kusurwar ɗaki saboda tsoron mage. Garin katako take karɓowa wajen kafinta tana zuba musu, amma ɗakin ya ɗauki zarni har maigida ya fara magana. Ɗaya daga cikin ɓerayen yana yawan atishawa, ɗayan kuma tafin ƙafarsa ta baya ya yi ja. Maƙwabciyarta ta ce ta riƙa barbaɗa toka, ita kuma ta ga ana tallar wata shimfiɗa ta ƙasar waje a Facebook. Tana so ta san wanne za ta bi.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana yaron. Tokar nan dai kada ki zuba, kuɗinki kuma ki riƙe abinki, don abin da dabbobin nan suke bukata yana nan kewaye da ke a gona da bakin rafi. Zarnin da atishawar da jan ƙafar duk daga wuri ɗaya suka taso, wato ƙasan akwakun ba ya bushewa, kuma abin da ke cikinsa yana da ƙura.

Ki dubi halittar dabbar da kyau. Ƙafafunsa gajeru ne, cikinsa kusan a ƙasa yake, hancinsa kuwa bai fi yatsu biyu tsakaninsa da shimfiɗa ba, dare da rana. Tafin ƙafarsa fata ce tsirara, babu gashin da zomo yake da shi a nasa. Ba ya hawa sama ya huta, inda ya yi fitsari nan zai dawo ya kwanta. Kashinsa a yini yana iya kaiwa ƙwaya ɗari. Sannan haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, saboda haka duk abin da ya tarar a gabansa sai ya gutsura ya ji. Shi ya sa idan aka kawo mini wani abu aka ce ko zai yi shimfiɗa, nakan duba ko yana shan ruwa, ko yana tayar da ƙura, sannan in tambayi kaina me zai faru in dabbar ta ci shi, don tabbas za ta ci.

Zarnin da maigida yake ji iska ce da ake kira amoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da fitsarin da ya kwana a jiƙaƙƙen wuri su fitar da ita, kuma zafi yana ƙara musu sauri. Wannan iska tana ƙona fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ta buɗe wa ciwon huhu ƙofa, ciwon huhu kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ɓeran Masar. Idan ke da kike tsaye kina jin warin daga bakin ƙofa, ki durƙusa ki kai hancinki daidai inda nasu yake, ki shaƙa sau ɗaya. In idonki ya kawo ruwa, to abin da suke shaƙa ke nan ba hutawa. Toka kuma, da yake tana da kaifi irin na kanwa, idan ta haɗu da fitsari sai ta ƙara ingiza amoniyar ta tashi sama. Ga ƙurarta, ga cin fatar ƙafa in ta jiƙe. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Farar ƙasa da wasu masu kaji ke barbaɗawa ita ma hukuncinsu ɗaya.

Batun katako sai mun ɗan tsaya a kansa, domin abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda. Akwai garin da zarto ke zubarwa, mai laushi, wanda in kin dumbuza kin saki sai ya yi hazo. Akwai kuma ɓawon da ke fita a nannaɗe idan ana goge katako, mai faɗi-faɗi, mara nauyi. Na farkon shi ne ya jawo atishawar. Yana shiga hanci da ido, in ya sha fitsari kuma sai ya dunƙule ya manne a tafin ƙafa, ya yini yana jiƙa ta. Na biyun yana shan ruwa sosai, iska tana ratsa shi, yana cikin mafi kyawun abin da za a sa a ƙasa. Amma fa sai kin san daga wane katako ya fito. Abin da ake sharowa a ƙasan shagon kafinta gauraye ne: da na filawud mai gam a ciki, da na katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, da ɓurɓushin fenti, wani lokacin har da ƙananan ƙusoshi. Ko a cikin katako tsantsa ma akwai irin su loko da obeche da aka san ƙurarsu tana tayar wa masu aikinsu da asma. A Turai da Amurka itacen da ake gargaɗi a kansa shi ne mai ƙamshin nan da ake kira sida, da kuma fain wanda ba a gasa shi ya bushe ba, saboda man da ke cikinsu yana taɓa huhu da hanta. Mu nan ba lallai ki gane sunan itacen ba, hancinki zai yi miki aikin. Duk ɓawon da kika sansana kika ji ƙamshi mai ƙarfi, ko ɗaci, ko warin mai da magani, ki bar shi. Ki roƙi kafintan ya tara miki na farin katako sabo a buhu daban ranar da yake gogewa, ki tankaɗe shi da rariya mai manyan idanu a waje, ki shanya shi a rana yini guda. Kafin ki zuba, ki tsaya inda hasken rana ke shigowa ta taga, ki saki dunƙule ɗaya daga sama. Idan kin ga ƙura tana yawo a cikin hasken, a sake tankaɗewa.

Na san a yankinku ɓuntun shinkafa kyauta ne, tsibi-tsibi a bayan kowane inji tun daga Kura har Garun Malam, kamar yadda yake a wajen Haɗeja da Auyo. Masu kaji suna amfani da shi suna jin daɗinsa, don haka dole a yi tunaninsa. Ra'ayina a kansa rabi da rabi ne. Ɓuntu ba ya shan ruwa sosai, fitsari ratsa shi yake yi ya taru a ƙasa, sai ki ga sama a bushe alhali ƙasa ta zama kududdufi. Bakinsa yana da tsini, yana faɗawa ido, yana kuma maƙalewa a gaban namiji ya sa masa kumburi. Idan babu ɓawon katako mai kyau, za ki iya sheƙe ɓuntun ki fitar da garinsa, ki sa kwali ko takarda a ƙarƙashinsa su sha ruwan, ki rufe samansa ruf da ciyawa yadda ƙafarsu ba za ta taɓa shi ba. A hakan yana yi. Shi kaɗai tsurarsa ban yarda da shi ba.

Sauran abubuwan da ake yawan kawowa ba sai an ja magana ba. Ɓawon gyaɗa yana saurin yin funfuna, kuma funfunar gyaɗa ita ke haifar da gubar nan afalatoksin mai lalata hanta, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila a 1960 ta hanyar abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Totuwar masara da aka farfasa ita ma tana funfuna, in ya haɗiye ta kuma tana toshe hanji. Ƙaiƙayin gero da na dawa, wanda ya taɓa sussuka ya san abin da yake yi wa fata da ido. Auduga da audugar rimi suna naɗe ƙafa da wuyan jarirai. Yashi yana goge tafin ƙafa. Takardar buhun siminti da buhun taki ko na maganin feshi kada su kusanci akwakun.

Abin da ya fi dacewa ya taɓa jikinsu shi ne busasshiyar ciyawa mai laushi, irin ingiricin da ake tanadar wa doki. A nan ne shimfiɗa da abinci suke haɗuwa, domin ciyawa ita ce mafi yawan abin da ya kamata ɓeran Masar ya ci, ita ke goge masa haƙora, ita ke tafiyar da cikinsa. Ki zuba musu tuli ɗaya a kusurwa ki koma gefe ki gani. Sai sun kutsa ciki sun ɓace, ki riƙa ganin ciyawar tana motsi, can ki ga hanci ya leƙo da sili ɗaya a baki yana ja a hankali har ya ƙare. Dabba ce mai tsoro, samun wurin ɓuya yana kwantar mata da hankali. Kiri-kiri da harkiya da burburwa duk suna da laushi, kyasuwa ma tana yi idan an yanke ta da ƙuruciyarta kafin ta fitar da kai. Gamba in ta tsufa kara ce, tofa tana yanka, ƙarangiya kuwa ko ƙwaya ɗaya kada ki bari, don in ta shiga gashinsu ko tsakanin yatsu wahala ce. Karan shinkafa da na alkama da ake samu bayan girbin rani sun yi tauri, ba sa shan ruwa, suna tsone ido, kuma sau da yawa an yi musu feshi.

Lokacin tanadi shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, ciyawa tana da sauran kore. A yanko daga inda aka tabbatar ba a fesa maganin ciyawa ba, nesa da bakin kwalta, a shanya ta bushe ƙarau, a ɗaure dami-dami a ɗora a kan wani abu a rumfa, kada ta taɓa ƙasa saboda gara da danshi. A tsince ganyen tumfafiya da zurma da zaƙami da bini-da-zugu idan sun shigo ciki, dukkansu guba ne. Ciyawar da ta yi baƙi-baƙi ko take warin rima, ta tafi bola. Kuma ki koya wa yaron ya riƙa karkaɗe ta a tsakar gida kafin ya shigo da ita, ba don ƙura kaɗai ba, kunama tana son dami.

Za ki ce ga harawa a kan rufi, me ya hana? Harawar wake da ta gyaɗa abinci ne mai kyau, amma a matsayin ɗan ƙari. Sinadarin kalsiyam ya yi yawa a cikinta, ɓeran Masar kuma ta fitsari yake fitar da rararsa, shi ya sa fitsarinsa yake da kauri fari-fari, shi ya sa kuma suke saurin yin tsakuwa a mafitsara. Mai ciki da mai shayarwa da ƙanana masu tasowa a ba su ɗan dama. Babba wanda ya gama girma, idan aka shimfiɗa masa ita yana ci ba iyaka, ana nema masa ciwo. Ga kuma karanta masu tsini.

Yanzu ga yadda za ki haɗa. Ƙasan akwakun ya zama shafaffe, ba ragar waya ba. Kafintoci sun saba yi wa zomo keji mai raga a ƙasa don kashi ya zube, in kin ce a yi miki na ɓeran Masar haka za su yi, sai kin hana. Waya tana cin tafin ƙafarsu, ƙafar ma tana zurmawa ta karye. Ki shimfiɗa guntun ledar ɗaki a kan katakon, ki ɗan ɗaga bakinta ki ɗanne yadda ba za su samu gefen gutsura ba, domin katakon da ya sha fitsari ba ya daina wari ko an wanke. A kan ledar ki sa kwali buɗaɗɗe wanda kika cire masa salatif da ƙusar ƙarfe, ko tsofaffin jaridu ninki uku zuwa huɗu. A kai ɓawon katako kaurin yatsu uku. A sama ciyawa, siririya a fili, tuli a kusurwa ɗaya. Girman wurin yana da ruwa da tsaki a wannan magana: guda biyu suna bukatar aƙalla ƙafa 4 a tsawo da ƙafa 2 a faɗi, in ya fi haka ya fi kyau. A ƙaramin akwaku ko zinariya kika shimfiɗa kafin azahar ta jiƙe. Bango mai tsayin kamu ɗaya ya isa don ba su cika tsalle ba, ragar a sa ta a sama da gefe, iska ta shiga, mage da gafiya su tsaya a waje. Ki ɗora akwakun a kan bulo, kwali a kan daɓe gayyatar gara ne.

Kula ta kullum ta fi zaɓen kayan muhimmanci, kuma aiki ne da yaro zai iya. Safe da yamma ya danna bayan hannunsa a kusurwoyi, da ƙarƙashin wurin ɓuya, da gefen mazubin ruwa. Inda ya ji sanyi ya kwashe har ƙasa ya cike da sabo. Ciyawar da aka tattake a ɗebe a zuba wata. Sau ɗaya a mako a juye komai, a damina sau biyu, a wanke ledar da ruwa da sabulu a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Farin tabon nan da fitsari ke bari wanda sabulu ba ya fitarwa, ki matsa masa lemon tsami ko ki zuba ruwan khal, ki bar shi ɗan lokaci, zai saki. Kada a wanke da kananzir ko maganin wanke masai mai ƙarfin wari. Kwanon ruwa kuma shi ne babban mai jiƙa shimfiɗa, suna taka shi su kifar. Ki sa mai nauyi, irin ƙaramin kaskon ƙasa, a kan guntun tayil.

Abin da kika gani a Facebook ɗayan biyu ne: ko takarda da aka sarrafa ta zama laushi, ko bargo. Takardar tana da kyau ƙwarai, ba ƙura, tana shan ruwa, illarta tsada, kuma duk mako sai an sayi wata. Bargon kuwa irin mai laushin nan ne na roba da ake samu a gwanjo, ana shimfiɗa shi a kan tsohon tawul. Aikinsa irin na famfas ɗin jariri ne, ruwa ya ratsa ya sauka ƙasa, sama ta zauna a bushe. Ga dabbar da ƙafarta ta riga ta yi ciwo babu kamarsa. Sai dai yana son wanki duk bayan kwana biyu ko uku, da ɗauraya har sabulu ya fita tas, da shara sau biyu a yini don kashi a samansa yake zama. Gidan da ake sayen ruwa a jarka ko ake jansa da guga, wannan ɗawainiya ce da ba ta ɗorewa. Tsumma mai zare-zare a baki kuma kada a sa, zaren yana ɗaure yatsa har ya yanke jini.

Shimfiɗar ba iri ɗaya za ta zauna duk shekara ba. Asalin dabbar nan tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, wuri mai sanyi. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, in zafi ya doshi 30 tana cikin haɗari, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Saboda haka a bazara ki rage kaurin ciyawar, ki cire bargo, ki share wani gefe ki sa tayil ko fasasshen tulu da za su miƙe a kai su ji sanyi. Ɗakin soro ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba, kusa da randa ya fi ko'ina. In kin ga ɗaya ya baje a gefe yana haki, yawu na zuba, zafi ne ya buge shi, ki shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunne da ƙafa, kada ki tsoma shi a ruwan ƙanƙara. A hunturu sai ki ninka ciyawar, ki kifa musu kwali mai ƙofa biyu, ki kare gefen da iska ke bugowa da zane saboda ƙura, amma kada ki toshe ko'ina. Damina ita ce mai wuya: komai ba ya bushewa, ƙuda kuma yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashin gindi, cikin yini guda tsutsa ta fito. A lokacin ki riƙa ɗaga su kina duba ƙarƙashinsu kullum. Tun da a ɗakin kwana suke, ranar da za a kunna maganin sauro ko turaren wuta a fitar da su tukuna. Fiya-fiya kam kada a yayyafa ta a ɗakin da suke.

Sai marasa lafiyar biyu. Mai jan ƙafar, in fatar ba ta fashe ba, ki mayar da shi kan tawul mai laushi a bushe, ki riƙa wanke ƙafar da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kaɗan ki tsane ta sosai, ki duba ko faratansa sun yi tsawo sun karkatar masa da taku. In ta kumbura ko ta yi ɓawo baƙi ko tana fitar da mugunya, sai asibitin dabbobi, don ciwon yana iya cin nama ya kai ƙashi. Ki kula da abincinsa ma, domin jikin ɓeran Masar ba ya haɗa bitamin C da kansa, kamar ɗan Adam sai ya ci, in ya rasa kuma rauni ba ya warkewa da wuri. Ɗan yankin gwaba ko koren tattasai da ɗanyen ganye kullum yana wadatarwa. Mai atishawar, in ƙura ce kawai, za ki ga sauƙi cikin 'yan kwanaki da canja shimfiɗa. In akwai majina, ko kwantsa, ko ƙara a ƙirji, ko ya ƙi cin abinci, kada ya kwana a haka, a kai shi asibitin dabbobi, domin cikinsu ba ya jure zama babu abinci.

Abu ɗaya da nake roƙonki: kada kowa ya je kemis ya sayo Ampiclox ko amoksisilin ko wani dangin fenisilin ya buɗe ya jiƙa musu, yadda ake yi wa kaji da awaki. Waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjin ɓeran Masar, sai gudawa ta biyo baya ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ko a asibitin dabbobin ma ki ambata, don yawancin aikinsu a karkara da shanu da tumaki ne. Kuma idan akwai zomo a gidan kada a haɗa su akwaku ɗaya ko a ɗebo shimfiɗar wannan a kai wa wancan, zomo yana ɗauke da ƙwayar cutar huhu da shi ba ta dame shi ba amma tana kayar da ɓeran Masar.

Yaron ya riƙa wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa shimfiɗar, musamman kafin cin abinci. In kin ga gashi ya zube a fuskar ɗaya ko bayansa ya bar da'ira mai amosani, makero ne mai yiwuwa, kuma yana kama yara, sai a ware shi a nemi magani. Tsohuwar shimfiɗar da aka kwashe kada a zubar a kwata, taki ce mai kyau. Ku tara ta a rami a bayan gida, ana ɗan yayyafa ruwa, ta yi wata biyu zuwa uku ta ruɓe kafin a kai ta lambu, musamman in latas ko kabeji za a sa wa, tunda ɗanye ake cin su.